DARASI: MAI KEKEN GURAGU, TITIN GARI DA ƘOFAR MAJAMI'A

Darasinmu na wannan wata ya shafi 'yan'uwanmu waɗanda ke tafiya a kan keke domin ƙafafunsu ba sa ɗaukarsu, da kuma irin hanyoyi da ƙofofin da muka gina a garuruwanmu. An shirya shi domin a yi nazarinsa a taron zumunta, da ajin koyarwar manya, da kuma cikin iyali. Kafin a shiga bayani, mai jagora ya sa a karanta Markus 2:1-12 da Ayyukan Manzanni 3:1-10 a hankali, yadda kowa zai ji. Idan akwai mai tafiya a keke cikin taron, a saurari bakinsa kafin na kowa, gama mai ɗaki shi ya san inda ke yoyo.

1. Su wane ne, su nawa ne kuma?

Hausawa sun daɗe da sanin gurgu, har a manyan garuruwa akwai Sarkin Guragu kamar yadda akwai Sarkin Makafi. Kalmar a kanta ba zagi ba ce, amma idan ta maye gurbin sunan mutum, takan zama raini. A littafin baftisma ba a taɓa rubuta kowa da sunan ciwonsa ba. Sabili da haka, kowa a kira shi da sunan da aka raɗa masa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a shekarar 2022 cewa mutum biliyan 1.3, wato kusan 1 cikin kowane mutum 6, suna rayuwa da wata babbar naƙasa. Ta kuma nuna cewa kimanin mutum miliyan 80, wato kashi 1 cikin 100 na 'yan adam, suna bukatar keken guragu. Idan muka auna farish mai mutum 2,000 da wannan mudu, za mu sa ran samun wajen mutum 20 masu wannan bukata. Sai mu tambayi kanmu, nawa muke gani ranar Lahadi? In biyu ne ko uku, ina sauran suke?

A ƙasarmu, da yawa daga cikinsu shan inna ce ta taɓa su tun suna yara. Mun gode wa Allah, rabon da a ga ainihin ƙwayar wannan cuta a Nijeriya tun shekarar 2016, a Jihar Borno, kuma a ranar 25 ga Agusta, 2020, aka shaida cewa Afirka ta rabu da ita, ko da yake ana ci gaba da ɗiga wa yara rigakafi saboda wani nau'in da ya rage. Amma waɗanda cutar ta riga ta taɓa suna nan tare da mu, sun zama iyaye da kakanni. Ban da su, akwai wanda haɗarin mota ko na babur ya karya masa ƙashin baya, da wadda hawan jini ya shanye mata ɓarin jiki, da wanda ciwon suga ya sa aka yanke masa ƙafa, da wanda harsashi ya samu a lokacin tashin hankali, da tsohon da gwiwoyinsa suka gaji. Duk wanda ya dubi wannan jerin da kyau zai ga cewa ba wanda ya fi ƙarfin shiga cikinsa. Mai tsallake kwata yau, wataƙila shi za a tura a keke baɗi.

2. Abin da Littafi Mai Tsarki ya nuna mana

A Kafarnahum, Yesu yana cikin gida yana wa'azi, jama'a sun cika ɗaki har bakin ƙofa. Mutum huɗu suka zo ɗauke da shanyayye a kan shimfiɗarsa, ba su sami hanya ba. Mu lura da abin da ya tare su. Masu sauraron Maganar Allah ne suka toshe ƙofar, mutanen kirki waɗanda suka juya baya ba da mugun nufi ba, hankalinsu yana kan wa'azi. Gidajen ƙasar Galili a lokacin rufinsu shimfiɗaɗɗe ne, na itace da ƙasa, kusan irin soron da muka sani mai azara. Mutanen nan suka hau, suka buɗe rufin, suka zura ɗan'uwansu a gaban Ubangiji. Markus ya gaya mana cewa bangaskiyarsu ce Yesu ya gani. Ashe akwai bangaskiyar da ake gani da ido, wadda takan taɓa gini ta sāke shi domin mutum guda ya shiga. Rufin ya lalace, wani kuwa ya sha wahalar gyara, amma ba mu karanta inda Ubangiji ya tsauta musu saboda wannan ba.

A cikin Yahaya 5:1-9 mun sadu da mutumin da ya shekara 38 yana ciwo, kwance a bakin tafkin Baitasda mai shirayi biyar, kusa da Ƙofar Tumaki a Urushalima. Har yau ana ganin kufan wannan tafki kusa da majami'ar Waliyyiya Hannatu. Da Yesu ya tambaye shi ko yana so ya warke, kukan da ya kawo na hanya ne: ruwan yana gabansa, ba shi da mai saka shi, kafin ya ja jiki wani ya riga shi. Tazarar da ke tsakaninsa da ruwan 'yan taku ne kawai, amma ta cinye masa shekaru.

A cikin Ayyukan Manzanni kuwa, ga gurgu tun daga haihuwa, mai shekara fiye da 40, wanda akan ɗauko kullum a ajiye shi a ƙofar Haikali da ake kira Kyakkyawa, domin ya roƙi masu shiga. Jama'a sun saba da shi a wannan wuri kamar yadda aka saba da ginshiƙi. Bitrus ya tsaya, ya dube shi, ya kama hannunsa na dama ya tashe shi cikin sunan Yesu Kristi. Abu na fari da mutumin ya yi da ƙafafunsa shi ne shiga Haikali tare da manzannin. Mai roƙo a ƙofa ya zama mai sujada a ciki. Mu ba a ba dukanmu baiwar warkarwa ba, amma shigar da mutum daga ƙofa zuwa ciki yana hannunmu, da buhun siminti da 'yar yarda.

Tsohon Alkawari ma bai yi shiru ba. Littafin Firistoci 19:14 ya hana a sa wa makaho abin tuntuɓe, ya kuma haɗa wannan hani da tsoron Allah. Maimaitawar Shari'a 22:8 ta umarci mai sabon gida ya ja wa rufinsa katanga, don kada wani ya fāɗo alhakin jininsa ya hau kan gidan. Wato Allah yana da magana a kan yadda ake gini, mai gini kuma yana da alhakin wanda gininsa ya cutar. Sarki Dawuda ya aika aka ɗauko Mefiboshet ɗan Jonatan, wanda ya gurgunce tun yana shekara 5, ya mayar masa da gonakin kakansa Saul, ya zaunar da shi a teburinsa kamar ɗaya daga cikin 'ya'yan sarki (2 Sama'ila 9). Da Dawuda ya so, da ya riƙa aika masa da abinci can Lodebar inda yake ɓoye. Ya zaɓi ya kawo shi cikin birni.

Game da masu cewa naƙasa hukunci ce ko aikin maita, Ubangiji da kansa ya rufe wannan magana a Yahaya 9:1-3, inda ya ƙi ɗora makantar mutumin a kan zunubinsa ko na iyayensa. Kirista ba shi da izinin ɓoye ɗansa a ƙuryar ɗaki don kunya.

3. Tafiya guda cikin gari

A ce wata 'yar'uwa tana zaune a wata unguwa a Kaduna, ko Jos, ko Kano, tana so ta je banki, ta biya asibiti, ta dawo gida. Mu bi ta mu gani.

Tun a zaure za ta gamu da dokin ƙofa. Da ta fito, ga kwata a buɗe, an gitta mata katako ɗaya wanda mai ƙafa ke bi a guje. Layin unguwa da rani rairayi ne mai kama ƙananan tayoyin gaba, da damina kuwa laka ce. In ta kai babban titi, gefen da aka yi domin masu tafiya a ƙasa ya fi titin tudu, babu wurin hawa. Ko da an ɗaga ta an ɗora, ba za ta yi nisa ba sai ta tarar da teburin mai sayar da kaya, ko janareto, ko motar da aka ajiye, ko ramin da aka sace murfinsa. Dole ta koma cikin titi ta yi gogayya da motoci, ga shi kanta bai kai inda direban babbar mota zai hango ta ba. Inda aka gina gadar tsallaka titi mai matakala kaɗai, aka kuma ja shinge a tsakiyar hanya, an raba mata gari biyu ke nan.

Ta tsaya neman abin hawa. Mai Keke Napep ya dube ta ya wuce, don yana ganin ɗaukarta ɓata lokaci ne. Wanda ya tsaya kuma ya ce sai ta biya kuɗin mutum biyu ko uku saboda kekenta. A banki, ƙofar tsaro mai ɗaukar mutum ɗaya a tsaye ba ta karɓar keke, sai a bar ta a rana ma'aikaci ya fito mata da takarda, ko kuwa ta ba wani katinta da lambarta ta sirri domin na'urar cirar kuɗi tana kan dakali. A asibiti, likitan da za ta gani yana bene. Duk tsawon yinin nan ba ta sha ruwa ba, da gangan, domin ta san ba makewayin da za ta iya shiga. Likitoci sun san ƙarshen wannan: ciwon mafitsara, har ya kai ga ƙoda. Dogon zama wuri ɗaya kuma yakan jawo gyambon zama, wanda ke da wuyar warkewa, yana kuma iya kisa.

Masu keke mai taya uku, wanda ake murzawa da hannu, suna da tasu wahala. Wannan keke ya fi dacewa da hanyoyinmu, amma yana da tsawo, ba ya juyawa a ƙunci. Shi ya sa muke ganin magidanci mai iyali ya sauka a bakin ƙofar ofis, ya sa silifa a hannu, ya shiga da rarrafe a gaban yara.

Daga nan za mu gane cewa wahalar kashi biyu ce. Kashi na fari yana jikin mutum, na biyu yana jikin gari. Na biyun nan mu muka zuba shi da hannunmu, da bulo da siminti, kuma sau da yawa shi ya fi nauyi. Yaron da aji ya gagare shi shiga ba zai yi karatu ba. Wanda bai yi karatu ba da wuya ya sami aiki. Daga baya sai mu tarar da shi a mararraba yana bara, mu jefa masa naira 50 mu ji mun yi alheri, alhali matakalar da muka gina tana cikin abin da ya kai shi can.

4. Koyarwar Ikkilisiya

Majalisar Vatikan ta Biyu, a shekarar 1963, ta koyar cewa ta wurin baftisma kowane mai bi yana da hakki, yana kuma da nawaya, ya sa hannu sosai cikin sujadar Ikkilisiya. Dokar Ikkilisiya ta 1983, a sashe na 213, ta tabbatar da hakkin masu bi su karɓi Maganar Allah da sakramentai daga hannun makiyayansu. Kai wa mara lafiya Jibi Mai Tsarki a gida aiki ne mai daraja ƙwarai. Amma wanda lafiyarsa lau, matakala ce kaɗai ta hana shi zuwa, ba majiyyaci ba ne, kuma bai kamata a mai da shi majiyyaci ba.

A shekarar 1981, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe domin naƙasassu, Waliyyi Paparoma Yahaya Bulus na Biyu ya rubuta wasiƙarsa a kan aikin ɗan adam, mai suna Laborem Exercens. A sashe na 22 ya koyar cewa mai naƙasa cikakken mutum ne mai cikakken hakki, kuma jama'ar da ke karɓar masu ƙarfi kaɗai cikin harkokinta tana nuna wariya mai muni. A ranar 3 ga Disamba, 2000, cikin Babbar Shekarar Jubili, ya yi Mas tare da naƙasassu a majami'ar Waliyyi Bulus da ke bayan ganuwar Roma. Wannan rana ta 3 ga Disamba ita ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsayar tun 1992 domin tunawa da su kowace shekara. Paparoma Francis kuma, cikin wasiƙarsa Fratelli Tutti ta 2020, ya yi kukan cewa da yawansu suna zaune cikin jama'arsu kamar baƙi, ya ce kula da su kaɗai bai isa ba, sai an ba su wuri suna aiki tare da kowa.

Allah kuma ya ba mu darasi a jikin makiyayanmu. Yahaya Bulus na Biyu ya ƙare shekarunsa ana tura shi a kujera mai taya. Francis ya fara bayyana a bainar jama'a cikin keken guragu a watan Mayu na 2022 saboda ciwon gwiwa, a haka ya je Kanada a wannan shekara, ya je Kwango da Sudan ta Kudu a 2023, ya ci gaba da kiwon garke har rasuwarsa a watan Afrilu na 2025. Sai kowace farish ta tambayi kanta: da magajin Bitrus ya zo mana a kekensa, ta ina zai shiga, ta ina kuma zai kai bagade?

5. Abin da dokar ƙasa ta ce

Abin da wasu ƙasashe suka samu, da gwagwarmaya suka same shi. A Amurka, garin Kalamazu ya sassare bakin titi domin tsofaffin sojoji masu keke a shekarar 1945, garin Bakli ya bi sahu a 1972. A watan Maris na 1990, naƙasassu da dama suka sauka daga kekunansu suka hau matakalar majalisar dokokin ƙasar da rarrafe, domin duniya ta gani. A ranar 26 ga Yuli na wannan shekara aka sa hannu a kan dokar kare hakkinsu. Bayan an gyara titunan, sai aka ga ashe kowa ya amfana: mai tura jariri, da mai jan kaya, da tsoho mai sanda.

A ranar 13 ga Disamba, 2006, Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar hakkin naƙasassu. Sashe na 9 ya yi magana a kan shiga gine-gine, tituna da abubuwan hawa, sashe na 20 kuma a kan 'yancin kai da kawowa. Jamhuriyar Nijar ta tabbatar da ita a 2008, Nijeriya a 2010. A watan Janairu na 2019, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Dokar ta yanka tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6, ko duka biyu, ga mutumin da ya nuna bambanci, da tarar naira miliyan 1 ga kamfani ko ƙungiya. Ta hana a amince da zanen sabon ginin jama'a in ba a tanadi hanyar shigarsu ba. Ta ce a ba su fifiko a layi, a kuma keɓe musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki a ma'aikatun gwamnati. Ta ba da wa'adin shekara 5 domin a gyara tsofaffin gine-gine, wa'adin kuwa ya cika a watan Janairu na 2024. An kafa hukumar kula da naƙasassu ta ƙasa a 2020, jihohi da dama kuma sun yi tasu dokar.

A shekarar 2024 aka naɗa Ayuba Gufwan ya shugabanci wannan hukuma. Shi ma shan inna ce ta taɓa shi yana yaro. Ya yi shekaru a Jos yana tafiyar da wata cibiya da aka sa wa sunan Kyakkyawar Ƙofa ta Ayyukan Manzanni, inda aka ƙera dubban kekuna masu taya uku aka raba kyauta ga Kirista da Musulmi. Wannan ya isa ya nuna mana abin da ke fitowa daga mutum idan hanya ta buɗe masa.

Doka tana nan, wa'adi ya wuce, idonmu kuwa shaida ne a kan abin da ya rage. Majami'a ma gini ce da jama'a ke shiga. Ba za mu iya tsayawa gaban shugaban ƙaramar hukuma mu nemi a gyara kasuwa ba, matuƙar ƙofarmu tana da matakala biyar ba gangara.

6. Awo da ƙa'ida

Kyakkyawar niyya ba ta hana keke kifewa. Akwai wuraren da aka zuba gangara mai tsayi kamar hawan dutse, aka shimfiɗa mata tayil mai santsi, ta zama tarko. Ga awon da ya kamata kwamitin gini ya riƙe, ya kuma karanta wa birkila.

Gangara: kowane inci 1 na tudu yana bukatar ƙafa 1 na tsawo, wato 1 cikin 12. Idan ƙofa tana da matakala 3, kowace inci 6, tudun ya zama inci 18, gangarar kuwa sai ta kai ƙafa 18. Faɗinta kada ya gaza ƙafa 3, in ya kai 4 ya fi. Bayan kowace ƙafa 30 a yi shimfiɗaɗɗen wurin hutawa mai tsawon ƙafa 5, haka kuma a sama gaban ƙofa, domin mutum ya iya buɗe ta ba tare da ya gangara da baya ba. A sa ƙarfen dafawa hagu da dama, tsayinsa kamar ƙafa 3, da ɗan tudu a gefe mai tare taya. A bar fuskar simintin da kaushi.

Ƙofa da fili: faɗin ƙofa ya kai ƙafa 3, a kuma kawar da dokin ƙofa ko a kwantar da shi. Keke yana bukatar fili mai faɗin ƙafa 5 kafin ya juya.

Makewayi: aƙalla ɗaya ya zama na zama, mai ƙarfen dafawa a bango, ƙofarsa tana buɗewa waje, da filin da keke zai tsaya a gefe.

Kwata: a rufe ta da murfin kankare daidai da ƙasa, kada tsagar da ke tsakani ta wuce rabin inci, gama ƙaramar taya takan maƙale.

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya suka fitar a 2011 ya nuna cewa idan aka tanadi waɗannan tun a zane, abin da suke ƙarawa a kan kuɗin sabon gini bai wuce kamar kashi 1 cikin 100 ba. Fasawa a gyara daga baya shi ke da tsada. Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane.

7. Ladabin taimako

Keke kamar sashen jikin mai shi ne. Kada a tura shi sai an tambaya, kada a jingina da shi, kada yara su mai da shi abin wasa. A yi magana da mutumin kansa, a bar tambayar mai tura shi abin da yake so. In hirar za ta yi tsawo, a jawo kujera a zauna, don kada wuyansa ya ƙage. In za a sauko da shi daga tudu, a juya a sauko da baya a hankali. In ya zama dole a ɗaga, a tambaye shi inda za a kama, domin madafin hannu da matakin ƙafa sukan cire. Kada kuma a miƙa wa mutum sadaka don kawai an gan shi a keke. Wataƙila malamin makaranta ne, ya fito sayen littafi.

Mu tuna kuma cewa ɗaukar mutum a hannu a haye da shi matakala kowace Lahadi ba ya maye gurbin gangara. Akwai haɗarin fāɗuwa, akwai kuma kunya, musamman ga mace da samari za su ɗauka. Da yawa sun daina zuwa Mas saboda wannan kaɗai, ba su gaya wa kowa ba.

8. Aikin da ke gabanmu

Na ɗaya, katekis da shugabannin zumunta su bi gida gida su san masu tafiya a keke da ke cikin farish, da waɗanda ke bukatar keke ba su da shi.

Na biyu, majalisar farish ta zaga harabar majami'a tare da su, da ma'auni a hannu, daga bakin titi zuwa ƙofa, zuwa wurin furta zunubi, da wurin karatu, da ofishin Fada, da makaranta, da makewayi. A rubuta abin da aka gani, a fara da mafi sauƙi.

Na uku, a rage tsawon benci biyu ko uku a wurare dabam dabam, domin mai keke ya zauna kusa da iyalinsa, kada a tara su duka a baya. A tanadi inuwa kusa da ƙofa domin keke mai taya uku, da keke ɗaya na majami'a wanda za a sauya a shiga da shi.

Na huɗu, a keɓe wani kaso daga Godiyar Kaka ta bana domin wannan aiki. Magina, da masu walda, da kafintoci na cikinmu su ba da yini guda. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na biyar, a ba su aiki: karatu a Mas, waƙa, koyarwa, riƙon kuɗi, kujera a majalisar farish. Waliyyi Bulus ya koya wa Korantiyawa cewa gaɓoɓin da ake gani raunana ne, jiki ba ya iya rabuwa da su (1 Korantiyawa 12).

Na shida, kowa ya dubi ƙofar shagonsa da gaban gidansa. Mai ajiye mota a kan hanyar masu tafiya a ƙasa ya daina. Direban da ke cikinmu ya tsaya wa mai keke, ya karɓi kuɗin mutum ɗaya.

Na bakwai, Hukumar Adalci, Ci Gaba da Zaman Lafiya ta dayosis, tare da Ƙungiyar Waliyyi Vincent de Paul, su haɗa kai da mai unguwa, da limamai, da ƙungiyoyin naƙasassu, su kai wa hukuma kuka a rubuce a kan wurare takamaimai. Kwatar da ke buɗe ba ta tambayar addinin wanda ya fāɗa cikinta.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. A labarin Kafarnahum, su wa suka tare ƙofa? Ta wace hanya mukan yi kamarsu ba da saninmu ba?
2. Mene ne bambanci tsakanin abin da masu ba da sadaka suka yi wa gurgun Kyakkyawar Ƙofa da abin da Bitrus ya yi masa?
3. Matakala nawa ke ƙofar majami'armu? Bisa awon da muka koya, ƙafa nawa gangararmu za ta kai?
4. Wa muka daina gani a Mas tun da tafiya ta gagare shi? Wa zai ziyarce shi a wannan mako?

Addu'a

Ya Ubangiji Yesu Kristi, kai da ka yarda Siman Bakurane ya taya ka ɗaukar gicciye, ka buɗe idanunmu mu ga 'yan'uwanmu da muka bari a bakin ƙofa. Ka gafarta mana abubuwan tuntuɓe da muka gina. Ka ba mu bangaskiyar mutanen nan huɗu, ka ba shugabanninmu zuciyar adalci, ka ƙarfafa dukan masu tafiya a keke da masu kula da su, har mu taru gaba ɗaya a teburinka, ba wanda ya rage a waje. Kai da kake raye kake mulki har abada abadin. Amin.